Rabaran Cecil Williams da ƙofar cocin Glide

A daren 1 ga Janairu, 1965, 'yan sandan birnin San Faransisko da ke jihar Kalifoniya suka jera motocin kwasar masu laifi a bakin wani zauren taro mai suna California Hall a titin Polk. Suka kunna manyan fitilu, suka sa masu ɗaukar hoto suna ɗaukar fuskar duk wanda ya zo shiga. A ciki rawar sabuwar shekara ake yi domin tara kuɗi, kuma ƙungiyoyin 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo na birnin ne suka shirya ta tare da wasu limaman coci. Tun kafin ranar limaman sun je sun zauna da manyan 'yan sanda, sun yi musu bayani, sun fito da fahimtar cewa ba za a taɓa kowa ba. An sa ran mutum 1,500. Waɗanda suka iya danne tsoro suka ratsa ta gaban kyamara kimanin 600 ne.

Sai an san Amurka ta wancan lokacin kafin a gane me ya sa hoto ya zama makami. Dokar Kalifoniya ta haramta tarayya tsakanin jinsi ɗaya, kuma ba a soke ta ba sai a 1975. Tun 1953 akwai umarnin shugaban ƙasa da ya ba da damar korar irin waɗannan mutane daga aikin gwamnatin tarayya. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta lissafa su cikin masu taɓin hankali har zuwa 1973. Idan aka kai samame mashayar da suke taruwa aka kama mutum, jarida kan buga sunansa, wani lokaci har da adireshinsa da wurin aikinsa. Ko kotu ta sallame shi, aikin ya tafi, mai gidan haya ya ba shi takardar tashi, dangi sun juya baya. Saboda haka ɗan sanda ba ya bukatar kulki. Hasken kyamara ya isa.

A daren an kama lauyoyi uku da suka tsaya a ƙofa suna cewa ba a shiga taron da aka biya kuɗin tikiti ba tare da takardar izinin bincike ba, aka haɗa da wata mata mai karɓar tikiti, da wasu maza biyu daga cikin mahalarta. Kashegari limaman coci bakwai suka kira 'yan jarida, suka fito cikin kayan aikinsu, suka zargi 'yan sanda da cin zarafi da saɓa alkawari. A cikinsu akwai wani baƙar fata ɗan shekara 35, fasto a ɗarikar Methodist, wanda bai fi shekara biyu da zuwa birnin ba. Sunansa Cecil Williams. Shi wannan rubutu yake tunawa, shi da cocin da ya riƙe kusan shekara 60.

Daga San Angelo zuwa Tenderloin

An haifi Albert Cecil Williams ranar 22 ga Satumba, 1929, a garin San Angelo na jihar Teksas, a gidan 'ya'ya shida. Kakansa bawa ne da ya ga 'yanci da idonsa. Teksas ɗin da ya tashi a ciki ƙasa ce ta wariyar launin fata a rubuce: makarantar baƙi daban, famfon shan ruwa daban, kujerar bayan mota ta baƙi, har maƙabarta ba a haɗawa. Tun yana yaro mahaifiyarsa take kiransa da laƙabin Rabaran, don ta ƙudurta a ranta fasto zai zama. Ya yi karatun ilimin zamantakewa a kwalejin Huston-Tillotson ya gama a 1952, sannan ya shiga makarantar tauhidi ta Perkins a birnin Dallas. A 1955 ya fito cikin baƙar fata biyar na farko da makarantar ta taɓa yayewa.

Wannan tarihi shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Wanda ya san ɗacin a tsayar da shi a bakin ƙofa a ce masa nan ba wurin irinka ba ne, kuma masu faɗa masa haka Kirista ne 'yan ɗarikarsa, ba ya bukatar dogon bayani in ya ga ana yi wa wani. Da ya ga 'yan sanda a California Hall, abin da ya sani tun yana yaro ya gani.

A 1963 aka tura shi cocin Glide Memorial, a kusurwar titin Ellis da titin Taylor. Wata attajira mai suna Lizzie Glide, matar wani babban makiyayi da ya rasu ya bar mata filaye, ita ta sayi filin a 1929, aka buɗe cocin a 1931, ta kuma bar waƙafi don gudanar da shi. Lokacin da Williams ya iso, masu zuwa sujadar Lahadi ba su wuce 35 ba, yawancinsu tsofaffin fararen fata. Kuɗi akwai, gini akwai, mutane babu. A waje kuwa unguwar Tenderloin ce, inda birnin ke zubar da waɗanda ba ya son gani: mashaya, 'yan ƙwaya, mata masu zaman kansu, tsofaffin da ke kwana a ƙananan ɗakunan otal masu araha, sababbin baƙi marasa dangi, da samari da 'yan mata da iyayensu suka kora daga gida a garuruwa daban-daban saboda an gano suna neman jinsinsu. Da yawa cikin waɗannan yaran da jikinsu suke samun abin da za su ci.

Williams bai iso shi kaɗai ba. Hukumar waƙafin Glide ta tara matasan fastoci, cikinsu da Lewis Durham da Don Kuhn da Ted McIlvenna, aka ce su fita su ga me ke faruwa a titi. McIlvenna, wanda aka ɗora wa aikin matasa, shi ya fara cin karo da 'yan luwaɗin da aka lakaɗa wa duka kuma ba su da inda za su kai ƙara, domin masu dukan su ne masu karɓar ƙarar. A ƙarshen watan Mayu na 1964 ya shirya zaman kwana uku a Mill Valley, arewa da birnin, inda limaman coci suka zauna gaba da gaba da maza da mata daga ƙungiyoyin masu neman jinsi ɗaya. A ciki akwai Del Martin da Phyllis Lyon, waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan maɗigo ta Daughters of Bilitis tun 1955. Yawancin limaman nan ba su taɓa zama da mutumin da ya faɗa da bakinsa cewa shi haka yake ba. Su kuma ɗaya ɓangaren ba su taɓa jin komai daga coci ba sai tsinuwa. Daga wannan zama aka kafa wata majalisa ta addini da masu neman jinsi ɗaya, Council on Religion and the Homosexual, wadda aka yi wa rajista a Disamba na 1964, Glide ta zama gidanta. Rawar California Hall don tara wa wannan majalisa kuɗi aka shirya ta.

Shari'ar lauyoyin ba ta yi nisa ba. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta tsaya musu, alƙali kuma ya umarci masu taya shi yanke hukunci su wanke su. Ɗaya daga cikinsu, Herb Donaldson, daga baya gwamnan jihar ya naɗa shi alƙali. Amma abin da ya fi hukuncin tasiri shi ne taron 'yan jaridar nan. Shekara da shekaru 'yan luwaɗi suna kukan cin zarafi ba mai saurare, domin a idon jama'a masu laifi ne ke kuka. Ranar da fastoci suka ce mun gani da idonmu, mu da matanmu muna wurin, sai magana ta sauya. Samamen mashaya ya ragu ƙwarai a birnin bayan haka. Duk wannan ya faru fiye da shekara huɗu kafin boren Stonewall na birnin New York a watan Yuni na 1969, wanda yawancin mutane ke ɗauka shi ne mafarin gwagwarmayar.

Glide ba ta tsaya ga masu rigar kwat da lauyoyi ba. Ta ba yaran titi ɗaki su riƙa taro, suka kafa ƙungiyarsu mai suna Vanguard. Mafi yawansu su ne ƙasan ƙasa ko a cikin 'yan luwaɗin kansu: marasa gida, da maza masu rayuwa a matsayin mata. A watan Agusta na 1966, a wani gidan abinci mai suna Compton's, tazarar 'yan taku daga cocin, irin waɗannan matasa suka yi wa 'yan sanda bore bayan an daɗe ana tsangwamarsu. Williams kuma tun a waɗannan shekaru na 1960 ya fara sa albarka ga ma'aurata masu jinsi ɗaya a cocinsa, shekaru da dama kafin wata kotu ko majalisa a Amurka ta yi tunanin amincewa da irin wannan aure.

Ranar da aka sauke gicciye

A 1967 ya yi abin da har yau wasu Kirista ba su yafe masa ba: ya sa aka sauke gicciye daga ɗakin sujada. Hujjarsa ita ce mutanensa sun mayar da gicciye abin kallo a bango, alamar mutuwa, alhali ana so su ɗauke shi da kansu su fita da shi titi. Ya kawo makaɗa da ganguna da kayan busa, ya kafa babbar ƙungiyar mawaƙa, ya daina kiran taron Lahadi sujada, ya koma kiransa biki. Tsofaffin membobi suka fice. Wasu suka shigo a madadinsu, baƙi da farare da 'yan asalin Asiya da Latin Amurka, Kirista da Yahudawa da waɗanda ba su bin kowane addini, attajiri kusa da wanda ya kwana a bakin titi. Cocin da ya samu da mutum 35 ya kai yana lissafa membobi sama da 10,000.

A nan ina da ja. Sauke gicciye bai ƙara wa mai yunwa loma ba, kuma ya ba masu adawa da shi sandar dukan duk sauran aikinsa. Mutum zai iya buɗe ƙofa ga kowa ba tare da ya cire alamar da ta sa aka gina gidan ba. Ina ganin a wannan ya yi gaggawa, kuma bashin da ya ci a 1967 shi aka zo karɓa bayan shekara 50, kamar yadda za mu gani.

Ƙofar a buɗe take ga 'yan siyasa masu zafi ma. 'Yan ƙungiyar Black Panther ta baƙar fata masu tsattsauran ra'ayi sun yi taro a Glide, 'yar gwagwarmaya Angela Davis ta yi jawabi a can. A 1974, da wata ƙungiyar 'yan bindiga ta sace Patricia Hearst, 'yar gidan masu jaridu, Williams na cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin shiga tsakani. Wannan buɗaɗɗen hannu ya taɓa kai shi ga babban kuskure. Ya yi hulɗa da Jim Jones, shugaban wata ƙungiyar addini mai suna Peoples Temple, har aka ba Jones lambar yabo ta jinƙai a Glide a 1977. A watan Nuwamba na 1978 mutum sama da 900 suka mutu a sansanin Jones a ƙasar Guyana, da yawansu baƙar fata talakawa daga San Faransisko. Ba Williams kaɗai Jones ya yaudara ba, manyan 'yan siyasar birnin da na jihar duk sun zauna da shi. Amma girmama mamaci ba ya nufin share wannan daga tarihinsa. Kwana tara bayan Guyana aka harbe magajin gari George Moscone da Harvey Milk, ɗan luwaɗi na farko da ya fito fili aka zaɓe shi a majalisar birnin. Watan nan ya girgiza duk wanda ke cikin irin aikin Williams.

Tukunyar da ba ta sauka

Da a ce Williams ya tsaya ga jawabai da zanga-zanga, da yanzu sunansa na cikin littattafan tarihi kawai. Abin da ya sa unguwar ta riƙe shi shi ne abinci. A 1969 aka fara da ciyarwa ta sa-kai sau ɗaya a mako. Zuwa 1980 ta zama sau uku a rana, kwana 364 a shekara. A shekarun baya-bayan nan ana raba kimanin faranti 2,000 kowace rana a ƙasan ginin. Ƙa'idar ɗaya ce: ba a tambayarka takarda, ba a tambayarka addini, ba a sa ka saurari wa'azi kafin a zuba maka. Wanda ya tashi a gidan da ake fitar da akushin tuwo zaure da daddare, baƙo ya ci ya ƙoshi kafin a tambaye shi daga ina, zai gane tsarin nan ba tare da an fassara masa ba.

Kan wannan batu nake so mai karatu ya dakata. A wurin Williams, layin abinci da tsayawa a gaban 'yan jarida a 1965 aiki ɗaya ne. Yaron da ubansa ya kora daga wani gari a jihar Ohio ko Kansas, ya sauka a tashar mota ta San Faransisko ba ko sisi, shi ne mai yunwa, shi ne ɗan luwaɗi, shi ne wanda ɗan sanda zai mara, kuma bayan 'yan shekaru shi ne mai ɗauke da cuta. Ba za ka ce za ka ciyar da rabinsa ka kori rabinsa ba. Fastocin da suka soki Williams suna iya raba waɗannan abubuwa a kan takarda domin ba a bakin ƙofarsu yaron yake kwana ba.

Shekarun 1980 suka zo da annoba biyu a lokaci ɗaya. Cutar ƙanjamau ta shiga San Faransisko ta kashe dubbai, akasari samari. Iyaye da yawa sun ƙi zuwa asibiti, wasu coci-coci sun ƙi yin jana'iza, wasu manyan masu wa'azi a talabijin suna cewa azabar Allah ce ta sauka. Glide ta yi jana'izar, ta kuma fara gwajin cutar a harabar coci bayan taron Lahadi, abin da kusan babu cocin da ke yi a lokacin. A gefe guda kuma wani nau'in hodar ibilis mai araha da ake shaƙar hayaƙinsa ya mamaye unguwannin baƙar fata. Gwamnati ta amsa da kurkuku. Williams ya kira babban taro na ƙasa a 1989 kan iyalin baƙar fata da wannan ƙwaya, ya kafa da'irorin farfaɗowa inda mashaya ke zama su faɗi gaskiyar halinsu a gaban juna. Daga baya aka buɗe asibitin sha-ka-tafi kyauta, aka gina gidajen haya masu sauƙi kusa da cocin.

Ba a yin maganar wannan aiki a bar Janice Mirikitani. 'Yar asalin Japan ce da aka haifa a Kalifoniya a 1941, tana jaririya gwamnatin Amurka ta tsare ta da iyayenta a sansanin Rohwer na jihar Arkansas, kamar yadda aka yi wa sama da mutum 100,000 'yan asalin Japan a lokacin yaƙin duniya na biyu. Ta zo Glide a 1965 a matsayin mai buga takardu ta wucin gadi. Suka yi aure a 1982. Williams mai murya ne da iya tara jama'a. Ita ce ta zauna ta mayar da wa'azinsa shirye-shirye masu ma'aikata da kasafin kuɗi, musamman na mata da yaran da aka ci zarafinsu a gida, abin da ita kanta ta fito ta ce ya same ta tana ƙarama. A 2000 birnin ya naɗa ta babbar marubuciyar waƙoƙinsa. Ta rasu a watan Yuli na 2021.

Kuɗin fa? Wani kaso mai tsoka ya zo ta hanyar da ba wanda ya zata. Susan, matar attajirin nan Warren Buffett, ta riƙa aikin sa-kai a Glide, ita ta haɗa mijinta da Williams. Daga 2000 Buffett ya riƙa yin gwanjon cin abincin rana da shi sau ɗaya a shekara, kuɗin duka na Glide. Na farko ya kawo dala 25,000. Na 2022 ya kawo dala miliyan 19. Jimilla ta haura dala miliyan 53. Wasu sun ga baƙon abu ne mai wa'azin 'yantar da talaka ya dogara da teburin attajirai. Ni ban ga aibu ba, tunda tukunyar ba ta sauka ba kuma ba a ji ya sassauta harshe don mai ba da kuɗi ba.

Shi da ɗarikarsa

Duk tsawon wannan lokaci Williams fasto ne na United Methodist, kuma ɗarikar tana tafiya ta wata hanya daban da tasa. A babban taronta na 1972 a Atlanta ta rubuta a littafin dokokinta cewa luwaɗi bai dace da koyarwar Kirista ba. A 1984 ta hana a naɗa fasto duk wanda ya bayyana cewa shi mai neman jinsinsa ne. A 1996 ta hana fastoci ɗaura alkawarin zama tsakanin masu jinsi ɗaya a coci. Kuma ba dokar ado ba ce: a 1999 kotun ɗarikar ta tuɓe wa Jimmy Creech, wani fasto daga jihar Nebraska, rigar aiki saboda ya saɓa mata. Williams bai ɓoye abin da yake yi ba, bai kuma daina ba. Girman cocinsa da farin jininsa a birnin da kuma sassaucin shugabannin ɗarikar na yankin yamma sun kare shi daga abin da ya sami wasu. Wannan ma gaskiya ce da ya kamata a faɗa: akwai ƙananan fastoci da suka biya farashi mafi tsada a kan abu ɗaya.

Ya yi ritaya daga muƙamin fasto a 2000 bisa dokar shekaru ta ɗarikar, amma ya ci gaba da jan ragamar Glide ta ɓangaren gidauniyarta. A 2008 aka kawo Karen Oliveto ta zama fasto a can. A watan Yuli na 2016 yankin yamma ya zaɓe ta bishop, mace ta farko mai auren mace da ta hau wannan kujera a ɗarikar, kuma zaɓen nata ya ƙara rura rikicin da ya kai ga taron gaggawa na St. Louis a 2019, inda masu ra'ayin riƙau, masu son haramcin ya tsaya, suka yi rinjaye da ƙuri'a 438 a kan 384, da goyon bayan wakilai da yawa daga Afirka.

Rabuwar Glide da ɗarikar, da ta zo, ba a kan luwaɗi ta zo ba. A 2018 Bishop Minerva Carcaño mai kula da yankin, wadda ita kanta mai goyon bayan shigar da kowa ce, ta janye fastocin da ke cocin. Ta ce taron Lahadi ya rasa ginshiƙan sujadar Kirista, har baftisma ana yin ta da sunan jama'a maimakon sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta kuma ce duk faston da aka tura ba ya samun iko na gaske domin ragamar tana hannun Williams da hukumar gidauniya. Aka shiga kotu kan gini da waƙafin Lizzie Glide. A 2020 aka sasanta: Glide ta riƙe ginin ta fita daga ɗarikar. Akwai gaskiya a wani ɓangare na ƙorafin bishop ɗin. Mutumin da ya gina abu da hannunsa yakan yi wuyar sakinsa, kuma Williams bai sauka gaba ɗaya ba sai a 2023, yana da shekara 93.

Ya rasu a gidansa a San Faransisko ranar 22 ga Afrilu, 2024, yana da shekara 94. Kashegari babban taron United Methodist ya buɗe a birnin Charlotte. Kafin lokacin coci-coci fiye da 7,600 a Amurka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sun riga sun fice, da yawa zuwa sabuwar ɗarikar Global Methodist ta masu ra'ayin riƙau da aka ƙaddamar a 2022. Ranar 1 ga Mayu wakilai suka soke haramcin 1984 da ƙuri'a 692 a kan 51. Kashegarinta suka goge jimlar 1972 da ƙuri'a 523 a kan 161. Kwana tara da goma ke nan bayan rasuwarsa. Ɗarikar ta iso inda ya tsaya tun 1964, shi ba ya raye, cocinsa kuma ba ya cikinta.

Na san wa nake rubuta wa. Mafi yawan masu karanta Hausa, Musulmi da Kirista, sun yi imani addininsu ya haramta wannan tarayya, kuma dokar Najeriya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya. Ba zan rage wa Williams matsayinsa don ya yi daɗin haɗiya ba: shi bai ɗauki mutanen nan masu zunubi da ake haƙuri da su ba, ya ɗauke su daidai da kowa, ya sa wa zamansu albarka. Mai karatu na iya saɓa masa a nan har ƙarshen rayuwarsa. Amma akwai tambayar da ta riga wannan zuwa, ita ce wadda ta same shi a bakin California Hall. In hukuma ta yi alkawari ta saɓa, in ana dukan mutum ba shi da wurin kai ƙara, in yaro ɗan shekara 16 yana kwana a titi don gidansu sun rufe masa ƙofa, in mara lafiya yana mutuwa ba mai riƙe hannunsa, me malamin addini zai yi? Da yawa sun yi shiru don kada a shafa musu baƙin fenti. Shi ya fito da sunansa da rigarsa, a lokacin da hakan zai iya raba shi da aikinsa, yana baƙar fata a ƙasar da ba ta gama ba shi nasa haƙƙin ba. Saboda wannan nake girmama shi, kuma ina ganin ko wanda bai yarda da tauhidinsa ba yana da dalilin yin haka.

Ƙuri'ar Charlotte ba ta tsaya a Amurka ba. Cocin United Methodist na ƙasar Kwaddibuwa ya yanke shawarar ficewa a cikin watan Mayu na 2024. A Najeriya, inda ɗarikar ta fi ƙarfi a jihar Taraba da maƙwabtanta kuma ake sujada da Hausa a majami'u da yawa, Bishop John Wesley Yohanna ya koma Global Methodist a watan Yuli na 2024 tare da magoya bayansa. Waɗanda suka zauna suka ce sabon tsarin ya bar wa kowane yanki ya bi dokar ƙasarsa kan aure, kuma su a wurinsu aure na mace da namiji ne. A Disamba aka zaɓi Ande Emmanuel sabon bishop. Rigima ta tashi kan majami'u da makarantu da filaye, ta kai gaban kotu. A cikin wannan Disamba na 2024, a Munga Dosa ta ƙaramar hukumar Karim Lamido, rikici tsakanin ɓangarorin biyu ya ci rayukan mutum uku, aka ƙone gidaje, mutanen da suka yi shekaru suna rera waƙa daga littafi ɗaya.